Amsoshin Tambayoyinku: Na Ɗaga Bayan Hilux, Shakul Ya Miƙe Tsaye

TAMBAYA: Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, ƙirar 2010, da ita nake jigilar kaya daga Jalingo zuwa Gembu da ƙauyukan da ke kan tsaunin Mambila. Da damina cikinta kan riƙa gugar ƙasa a wuraren da manyan motoci suka haƙe, sai na kai ta gareji aka buga sifirin baya, aka ƙara masa lanƙwasa da falle ɗaya, aka sa shokazoba masu tsawo. Ta tashi kamar inci biyu. Tsawo kam na samu, amma tun daga ranar ban sake jin daɗinta ba. In babu kaya, baya duka yake yi, ko ƙaramin rami sai na ji shi a ƙugu. Da na leƙa sai na ga shakul ɗin da a da yake ɗan kwance zuwa baya yanzu ya miƙe tsaye cak. Rannan a wani kwazazzabo ƙafar hagu ta rataya, shakul ɗin ya juya gaba ya maƙale, sai da muka sa ƙarfe muka ɓamɓaro shi. Ga kuma wata karkarwa da nake ji idan zan tashi da lodi. Bakanike ya ce a sayo shakul mai tsawo, komai zai daidaita. Gaskiya ne? Kuma digiri nawa ya kamata shakul ya kwanta? Daga wani mai karatu a Jalingo.

AMSA: Malam, na gode da ka kawo bayanin dalla-dalla, don rabin amsar tana cikin abin da idonka ya gani da ka leƙa ƙarƙashin motar. Shakul mai tsawo zai rage maka matsala ɗaya, ya bar ɗaya yadda take, ya ƙara wa ta uku ƙarfi. Abin da ya miƙar da shakul ɗinka ba gajartarsa ba ce. Sifirin ne ya gajarce.

Na san za ka ce ai ba a yanke komai ba. Haka ne. Amma ka ɗauki sifirin kamar baka irin na maharba: itacen bai ragu ba, sai dai duk yadda ka ƙara tanƙwara shi, bakinsa biyu ƙara kusantar juna suke yi. Uwar sifirin, wato fallen sama mafi tsawo, an nannaɗe bakinta biyu sun yi zobe. Zoben gaba a kafe yake a mariƙin da ke jikin shasi, juyawa kawai yake yi, ba ya matsawa. Idan aka ɗora kaya sifirin ya miƙe, tazarar da ke tsakanin zoben biyu sai ta ƙaru. Idan ƙafa ta rataya ya ƙara lanƙwashewa, sai ta ragu. Dole wani abu ya karɓi wannan ƙaruwa da raguwa, in ba haka ba ƙarfen ya karye ko mariƙin ya ɓalle. Aikin shakul ke nan, waɗannan ƙarafa biyu masu lilo da ke riƙe da zoben baya. Lodi ya hau, gindinsa ya yi baya. Lodi ya sauka, ya dawo gaba.

To da aka buga sifirinka aka ƙara masa lanƙwasa, zoben baya ya matso gaba, ya jawo gindin shakul tare da shi. Bari in sa lissafi, amma ka riƙe cewa alƙaluman misali ne, ba awon motarka ba, naka sai ka sa tef. A ce uwar sifirin tana da tsawon milimita 1,310 idan aka bi lanƙwasarta daga tsakiyar zobe zuwa tsakiyar zobe. Idan mota na tsaye babu kaya, zurfin lanƙwasar milimita 100 ne, to tazarar zoben biyu kai tsaye za ta kama kusan 1,290. Aka ƙara zurfin ya koma 150, wato inci biyun da ka samu, sai tazarar ta dawo kusan 1,264. Milimita 25 ko 26 sun tafi. A ido ba komai ba ne, bai wuce faɗin babban yatsa ba. Amma a jikin shakul mai tsawon milimita 90 daga noti zuwa noti, kowane milimita 15 kusan digiri 10 ne. Shakul ɗin da yake kwance digiri 19 ko 20 sai ya wayi gari yana da 3. Abin da ka gani ke nan.

Me ya haɗa tsayuwar shakul da dukan da kake sha? A nan ne mutane da yawa ba sa lura. Idan gindin shakul ya ɗan kwanta baya, nauyin mota da ke sauka ta cikinsa ba ƙasa kawai yake tura zoben ba, har baya yake jansa, wato yana taimaka wa sifirin ya miƙe. Kuma yayin da yake ƙara kwantawa, shi kansa tsayinsa daga shasi zuwa zobe raguwa yake yi, sai motar ta sami ƙarin wurin saukowa. Sakamakon shi ne laushi. Idan kuwa gindinsa ya karkata gaba, abin ya juye: nauyin yana tura zoben ciki, yana hana sifirin miƙewa, kuma kafin zoben ya wuce baya sai shakul ya fara miƙewa ya cicciɓa shasi sama. Taya ta daki dutse, maimakon sifirin ya shanye, sai shasi ya karɓa, kai kuma ka karɓa daga shasi.

Akwai wani abu da ke sa shakul "mai tsayuwa cak" ya fi muni fiye da yadda ake zato. Ba da ƙasa ake gwada shi ba a haƙiƙa, da layin da ya haɗa zoben gaba da na baya ake gwadawa. Ka tsaya a gefen motarka ka duba, za ka ga zoben gaba ya fi na baya kusa da ƙasa, layin hawa yake yi zuwa baya. Inda shakul ba ya ƙara tauri kuma ba ya ragewa shi ne inda ya yi digiri 90 da wannan layin, kuma tunda layin a karkace yake, wannan matsayi yana ɗan baya da tsayuwa cak. Saboda haka shakul ɗin da kake gani a tsaye ya riga ya tsallaka ɓangaren tauri da 'yan digirori.

Kada dai mu ɗora wa shakul laifin da ba nasa kaɗai ba. An ƙara maka falle, kuma kowane falle tauri ne. Sifirin da aka shirya don ya ɗauki buhunan masara ba zai yi laushi ba idan bayan mota wayam yake. Kamfanonin Ostareliya da suka ƙware a wannan sana'a, irin su Old Man Emu, suna sayar da sifirin mota ɗaya iri-iri gwargwadon nauyin da za ta riƙa yawo da shi kullum, kuma suna gargaɗin kada mai yawo ba kaya ya sayi na masu nauyi. Ko ka gyara shakul ya zauna daidai, wani kaso na dukan zai rage muddin fallen nan yana ciki. Ka gwada da kanka: ɗora buhu huɗu ko biyar a saitin aksul ka bi hanyar da ka saba. Za ka ji ta lafa, domin nauyin ya yi abu biyu a lokaci guda, ya ba sifirin aikin yi, ya kuma mayar da shakul baya.

Yanzu juyawar da ya yi a kwazazzabo, wadda ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarka. Mu koma misalinmu. Kafin a taɓa sifirin, idan ƙafa ta rataya gaba ɗaya, gindin shakul kan wuce gaba da kamar digiri 10, kuma shokazoba ta asali tana kaiwa ƙarshen tsawonta ta riƙe aksul. Bayan bugu, sifirin yana da ƙarin lanƙwasar da zai koma, ga doguwar shokazoba ta sakar masa mara. A lissafin nan shakul zai iya kaiwa digiri 40 zuwa gaba, ko fiye idan aksul ya murɗe, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yana gab da yin layi ɗaya da bakin uwar sifirin ke nan. Da zarar ya kai can, idan nauyi ya dawo, ba shi da tabbacin hanyar da zai bi: ko ya koma baya yadda ya kamata, ko ya tuntsura sama ya manne da shasi. In ya manne, sifirin ya zama a kafe gaba da baya, ba shi da wurin miƙewa, kuma in aka ci gaba da tafiya a haka uwar sifirin ce ke lanƙwashewa a kusa da zobe ko ta tsage. Don haka kafin komai, a wanke wurin a duba bakin uwar ta hagu da fitila. In ka ga ta yi gwiwa, ko ka ga siririn layin tsatsa ya ratsa ta a kwance, ta gama aiki. Ba a yi wa sifirin walda, kuma ba a gasa shi da wutar gas a miƙar. Zafi yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta.

Wata rana in ya sake juyawa, kada kowa ya sa hannu kusa. A ɗaga shasi da jak har ƙafar ta rataya, a tokare shi da abin da ba zai goce ba, sannan a sa dogon ƙarfe daga nesa. Shakul ɗin da ke ƙarƙashin matsi in ya kuɓuce yana iya cire yatsa.

Mu zo kan maganar bakanikenka. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Idan ka cire shakul mai milimita 90 ka sa mai 130, lilon da zai yi a kan tafiya iri ɗaya zai ragu, digiri 40 ɗin nan ya dawo kamar 26, haɗarin juyawa ya yi sauƙi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke kwantar da shakul shi ne yadda zoben baya ya wuce saitin notin sama, kuma tsawon shakul ba ya ƙara wannan tazara. Gajeren shakul a tsaye in ka musanya shi da dogo, dogon ma a tsaye zai tsaya. Dukan yana nan.

Sai kuma abin da zai ƙaro. Aksul yana wajen tsakiyar sifirin, saboda haka duk abin da ka ƙara wa shakul, kusan rabinsa ne ke zama tsawon mota: milimita 50 a shakul, 25 a taya. Tunda bakin baya kaɗai aka sauke, sifirin gaba ɗayansa ya karkata, ya juya aksul tare da shi, hancin aksul inda farfela ke shiga ya ɗaga sama. A sifirin mai tsawon kusan mita 1.3, ƙarin milimita 50 ya fi digiri 2. Kuros ɗin farfela kuwa ba ya juyawa da gudu ɗaya idan yana aiki a karkace. A kowane zagaye yana sauri yana lafawa sau biyu, kuma abin da ke ɓoye wannan shi ne ɗayan kuros ɗin ya kasance a karkata kusan iri ɗaya, su soke juna. Masu ƙera farfela suna son bambancin kada ya wuce digiri 1. Karkarwar da kake ji wajen tashi da lodi alama ce cewa ɗagawar farko ta riga ta taɓa wannan daidaito. Ka ƙara digiri 2 a kai ba tare da awo ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dogon shakul kuma yana ba wa bayan mota damar yin lilo gefe da gefe a kwana, yana cin bushin da wuri, abin da ba ka so a gangaren Mayo Selbe da lodi a baya.

To digiri nawa? Idan ka shiga intanet za ka ga 45 ana ta maimaitawa kamar karatu. Ka san inda ya fito. Yawanci maganar masu Jeep Cherokee ce ta Amurka, irin wadda aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, mota marar nauyi da ake ɗagawa don hawan duwatsu a wurare irin Moab a jihar Utah. Su burinsu ƙafa ta sauka can ƙasa ta taɓa dutse, kayansu bai wuce akwatin sanyi da safayar taya ba. A wurinsu 45 yana ba da laushi da doguwar ratayawa ba tare da juyawa ba. Kai kuma masara da siminti kake ɗauka. Shakul ɗin da ya fara daga 45 babu kaya, in ka loda zai tafi 60 ko fiye, ya kusa kwanciya a jikin shasi. Kuma yadda yake ƙara kwantawa haka bayan ke ƙara laushi, a daidai lokacin da kake buƙatar ya yi tauri. Ƙarfin da ke bi ta cikin shakul ma ƙaruwa yake yi: a digiri 45 ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na nauyin da ke kan zoben, a 60 ya ninka biyu cif. Bushin da notuna da zoben uwar sifirin su ke biyan wannan.

A ganina, motar aiki irin taka tana son shakul ya kwanta baya tsakanin digiri 15 zuwa 25 daga tsaye idan babu kaya, ya kai wajen 35 zuwa 45 da cikakken lodi, kuma idan ƙafa ta rataya kada ya wuce gaba da fiye da 15 ko 20. Ba adadi ɗaya ake nema ba, ukun nan ake dubawa tare. Wanda ya ba ka lamba ɗaya bai tambaye ka me kake ɗauka ba.

Awon ba ya buƙatar na'ura. Ka ajiye motar a kan siminti mai shafe, tanki da mai kamar yadda ka saba, safayar taya a wurinta. Ka ɗaura ƙaramin noti a bakin zare, ka riƙe zaren a tsakiyar kan notin sama na shakul, ka bari ya daina lilo. Sai ka auna da tef daga zaren zuwa tsakiyar notin ƙasa. A shakul mai milimita 90, in ka sami 30 zuwa baya kana wajen digiri 20. In ka sami 45, digiri 30 ke nan. 64 kuwa 45 ne. In wayarka tana da manhajar awon karkata, ɗora gefenta a jikin ƙarfen ta ba ka lamba kai tsaye, amma ka tabbata ƙarfen miƙaƙƙe ne, don akwai shakul masu lanƙwasa da sai dai a bi layin notunan biyu. Ka yi hagu da dama. Ka sake yi da lodin da ka saba ɗauka. Sannan a ɗaga shasi har tayoyin baya su bar ƙasa, a sake aunawa. Ka rubuta lambobin shida a takarda. Ƙari a kan haka, ka kwantar da tef a bayan uwar sifirin ka bi lanƙwasarta daga zobe zuwa zobe. Wannan shi ne iyakar tsawon da za ta kai ranar da lodi ya miƙar da ita sumul, kuma dole shakul ya iya karɓar wannan tsawon ba tare da ya daki shasi ba.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne a sa uwar sifirin da ta fi ta yanzu tsawo. Sifirin ɗagawa na kirki haka ake ƙera shi tun farko: an ƙara lanƙwasa, an kuma ƙara tsawon ƙarfen don zoben baya ya faɗo inda na asali yake faɗowa. Mai bugu a gareji zai iya ba ka lanƙwasa, ba zai iya ba ka tsawo ba. A misalinmu, uwa mai 1,335 maimakon 1,310 za ta mayar da tazarar zobe zuwa 1,290. A nan ne kuma dogon shakul yake da amfaninsa, amma ɗan kaɗan: mai milimita 110 zai ba ka kusan digiri 16 babu kaya, 43 idan sifirin ya miƙe gaba ɗaya, 16 zuwa gaba idan ƙafa ta rataya. Ƙarin milimita 20 ɗin bai juya aksul da fiye da digiri 1 ba.

Wajen neman uwar, a kula da ramin santa-bol. Ƙarin tsawon a bayan ramin ake son yawancinsa. Tazarar da ke tsakanin zoben gaba da ramin ita ce ke ajiye taya a tsakiyar mazauninta kuma ita ke ƙayyade yadda farfela ke shiga da fita. In ta canza sosai, taya za ta gogi bodi, ko farfela ta ƙure. Faɗin fallen da girman zoben su ma su zo daidai, kuma a canza hagu da dama tare. Falle na biyu, wanda a wasu sifirin yake naɗe zoben uwar don ya riƙe aksul in uwa ta karye, a tabbata ya dace da sabuwar. A hanyar da gareji ke da nisan yini, wannan naɗin ba ado ba ne.

Hanya ta biyu ita ce a matso da mazaunin notin sama gaba da kamar milimita 25. A lissafi daidai take da ta farko, kuma masu Jeep ɗin can abin da suke yi ke nan, har ana sayar musu da mariƙi mai ramuka a jere su zaɓa. A Hilux kuwa aikin yanka da walda ne a jikin shasi, inda nauyin baya ke sauka. In ba ka da mai waldar da ka yarda da hannunsa, wanda zai auna ɓangarorin biyu su fito daidai ya kuma ƙarfafa wurin, kada ka fara. Kuma ka tuna sifirin da aka buga da guduma yakan sauka bayan wani lokaci. Ranar da ya koma kusa da yadda yake, mariƙin da ka matsar zai sa shakul ya kwanta fiye da kima.

Wannan ma ya kawo hanya ta uku, mafi arha: a rage lanƙwasar. In inci ɗaya zai ishe ka, shakul zai dawo da kusan rabin abin da ya rasa. Zan faɗa maka abin da masu sayar da kayan ɗagawa ba sa so a faɗa: ɗaga sifirin ba ya ɗaga aksul. Tulun aksul yana nan inda yake, taya kaɗai ke ɗaga shi. In abin da ke gugar ƙasa a ramukan manyan motoci tulun ne, inci biyun nan ba su taimake ka ba sai dai ta hanyar ba ka wurin sa taya mai ɗan girma. In kuwa tsakiyar ciki ne ko bambar baya, to sun yi amfani. Ka duba inda fenti ya goge ka san wanne ne.

Duk hanyar da ka bi, a sa abin da zai hana juyawa. Akwai shakul da ake yi da ɗan ƙarfe a tsakiya ko ƙafa a gefe wadda ke tokarar shasi kafin ya tuntsura. Ko a zaɓi shokazoba wadda tsawonta zai ƙare kafin shakul ya kai wurin haɗari, ko a ɗaura bel mai ƙarfi tsakanin shasi da aksul ya riƙe. Bel ɗin ya fi, don shokazoba ba ta son a riƙa fizgarta har ƙarshe.

Ga masu karatu da motarsu ba Hilux ba ce, a duba kafin a ɗauki wannan bayani. A Hilux da Land Cruiser 70, wadda Toyota ke yi tun 1984, zoben sifirin yana ƙasa, mariƙin yana sama. A manyan akori-kura na Amurka da yawa, irin Chevrolet Silverado da Ford F-150, zoben ne a sama, shakul yana rataye da shasi daga ƙasa. A can dogon shakul sauke mota yake yi. Haka kuma a Hilux mai jan ƙafa huɗu sifirin yana kan aksul, a Land Cruiser 70 yana ƙarƙashinsa, don haka ƙarfen da ake cusawa tsakanin sifirin da aksul ya ɗaga Hilux, Land Cruiser kuwa sauke ta zai yi.

Karkarwar a bar ta sai shakul ya zauna, domin duk abin da ka canza a sifirin zai sake juya aksul. Bayan nan a auna karkatar farfela. Hilux mai ƙofa huɗu farfelarta ta baya kashi biyu ce da boris a tsakiya, kuma sau da yawa sauke mazaunin boris ɗin da 'yan milimita, ta hanyar sa ƙarfe tsakaninsa da shasi, shi ke kashe karkarwar tashi. In bai isa ba, akan sa siririn ƙarfe mai kauri a baki ɗaya tsakanin sifirin da mazauninsa a kan aksul, na digiri 2 ko 3, don a mayar da hancin. Na baƙin ƙarfe za ka nema, na alminiyam yakan murƙushe, kuma kan santa-bol ya zama mai tsawon da zai ratsa shi ya shiga raminsa. A sa sababbin yu-bol, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko da lodi.

Wajen haɗawa akwai kuskuren da ke mayar da aiki mai kyau banza. Yaran gareji sukan ɗaure notunan shakul tamau mota tana kan jak, ƙafa a rataye. Bushin roba ba zamewa yake yi ba, murɗewa yake yi, don haka in aka ɗaure shi a rataye, ana sauke mota ya riga ya murɗe, zai riƙe shakul ya kuma yage da wuri. A ɗaura su sakwa-sakwa, a sauke motar, a girgiza ta, a ɗan gangara gaba da baya, sannan a ƙarasa ɗaurewa tana kan tayoyinta. In bushin ɗin na roba mai tauri ne irin masu launin ja ko rawaya, shi zamewa yake yi, giris yake so, kuma in aka matse shi fiye da kima shakul ba zai motsa ba ko da kwanciyarsa ta yi daidai.

Abu na ƙarshe ba ka tambaya ba, amma mai sauka daga Mambila da lodi dole ya sani. Ka leƙa saman aksul ɗin baya. In ka ga wani siririn ƙarfe ya taso daga aksul ya tafi wani ɗan bawul da bututun birki ke shiga a jikin shasi, to motarka tana da abin da ke auna lodi ya raba ƙarfin birki. Yana gane nauyi ne ta yadda shasi ya kusanci aksul. Da aka ɗaga bayan inci biyu, bawul ɗin yana ɗauka motar ba ta da kaya ko da ka loda ta, sai ya rage wa birkin baya ƙarfi ya bar na gaba da aikin, su yi zafi a gangare. A ɗaga mazaunin ƙarfen a kan aksul da daidai abin da motar ta tashi. Sannan, tayoyin baya suna rataye, a taɓa tiyon birki da wayar birkin hannu a ji ko suna da sauran saki. In tiyon ya miƙe kamar tsirkiya, a canza shi da mai tsawo kafin motar ta bar garejin.